Tikitin araha da awannin da ba a rubuta a jikinsa ba

Tun da damina ta fara ja da baya, saƙonnin da ke shigo mini suka koma na masu shirin tafiya: ɗalibai, 'yan kasuwa masu harin sarin ƙarshen shekara, da masu tanadin Umara. Kusan kowa abu ɗaya yake tambaya, awa nawa ce daga nan zuwa can, kuma wane tikiti zai saya. Na yi shekara goma sha ɗaya a wani ofishin yankan tikiti a Wuse kafin in koma rubutu, kuma abin da na sha gani shi ne mutum ya ƙura wa farashi ido, ya ɗan leƙa awannin da jirgi zai yi a sama, ya manta da waɗanda shi zai yi a ƙasa, alhali a nan tafiya take cin mutum. Ga waɗanda na tsamo. Sunaye na cire su kamar kullum.

"Malam, ina da shagon kayan waya a Banex. Shekara huɗu ke nan ina tura kuɗi ana yi mini sari a Guangzhou, bana ina so in je da ƙafata. Ejan ya turo mini tikiti uku, ta Addis Ababa, ta Doha, da ta Istanbul. Na Istanbul ya fi sauƙi da kusan naira dubu 200, amma da na lissafa daga tashi zuwa sauka sai na ga awa 38. Na Addis ma, tashi Talata ƙarfe ɗaya da rabi na rana, sauka Laraba ƙarfe huɗu na yamma, awa 26 da rabi ke nan. Wai nisan Chaina har ya kai haka? Wanne zan saya?"

Alhaji, mu fara gyara lissafin. Duk lokacin da ka gani a jikin tikiti, agogon garin da aka ambata ne. Ƙarfe ɗaya da rabi ɗin na Abuja ne, ƙarfe huɗun kuwa na Guangzhou, kuma su suna gabanmu da awa bakwai cur. Idan ka cire bakwai ɗin, tafiyar ta Addis awa 19 da rabi ce, ta Istanbul kuma 31. Awannin nan bakwai ba su ɓace ba, ajiya ka bayar. Ranar dawowa za a mayar maka da abinka: ka taso bayan sha biyun dare, ka iso Abuja wajen azahar a wannan ranar, kamar tafiyar rabin yini, alhali ka haura awa 18 a hanya.

Tsakanin Abuja da Guangzhou, in an miƙe ba kwana ba karkata, kilomita kusan 11,200 ne. Manyan jiragen fasinja kan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya, wato da akwai jirgin da ke zuwa kai tsaye da awa 13 zuwa 14 ya ishe shi. Babu shi, dole a yada zango. Daga Abuja zuwa Addis kilomita kusan 3,500 ne, awa biyar ko ƙasa kaɗan, daga can zuwa Guangzhou kusan 8,000, awa goma da ɗan ɗoriya. Jimilla 11,500. Ta Doha kuwa, 5,000 ne zangon farko, 6,200 na biyu, ka ga 11,200 ɗin nan ne daidai. Wannan yakan ba mutane mamaki, domin a taswirar bango sai ka ga kamar Doha ta yi arewa da yawa. Taswira shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuma ƙwallo. Akwai lemon da nake ajiyewa a kan tebur a ofis saboda masu musu. Sai in ɗiga tawada a wuri biyu, in miƙa musu zare in ce su ja shi ya yi tauri daga wannan ɗigo zuwa wancan. Zaren ba ya bin tsakiyar cikin lemon, sai ya ɗan haura ta sama. Hanyar jirgi ke nan, kuma a tafiyarka Doha tana kwance a kan zaren.

Istanbul, wadda kakanninmu ke ce wa Santambul, ta kauce wa zaren, amma ba da yawa ba. Jimillar tafiyar ta can kilomita 12,000 da 'yan kai ne, ƙarin da bai fi gudun awa ɗaya ba. A sama za ka yi kamar awa 16. To ina sauran 15 ɗin? A kan benci. Shi ne abin da aka sayar maka a kan rangwamen naira dubu 200.

Ka taɓa zaman awa 15 a filin jirgin da ba ka san kowa ba? Ruwan gora ɗaya a can, in ka juya kuɗinsa zuwa naira, ya sayi kwanon shinkafa da nama a Wuse. Za ka ci abinci aƙalla sau biyu, ka sha shayi don ka kori barci, ka kwanta a kujerar da aka yi mata hannuwan ƙarfe a tsakiya don kada a kwanta, jakar kuɗin sarinka a ƙarƙashin kanka, ido ɗaya a buɗe. Akwai kamfanonin da kan ba da otal kyauta idan jiran ya yi tsawo. Na Habasha kan yi haka ga wanda zai jira tsakanin awa 8 zuwa 24, in babu wani jirgin da ya riga wanda aka sa shi, kuma su suke shirya takardar fita. Na Turkiyya ma yana da irin wannan tsari, sai dai otal ɗin a cikin gari yake, kuma mai fasfon Nijeriya ba ya fita filin jirgi ba biza. Kada ka yarda da "ai za su ba ka otal" daga bakin ejan. Ya nuna maka a rubuce, ya kuma gaya maka da wace biza za ka fita.

Ni dai a matsayinka na Addis ko na Doha zan saya. Jiran awa huɗun da ke tikitin Addis shi ne daidai ga mai zuwan farko: ya isa ka sauka, a sake caje ka, ka yi salla, ka nemo ƙofar jirginka ba gudu. Duk tikitin da ya ba ka ƙasa da awa biyu a tsakani, ka bar wa waɗanda suka saba. Abin da zai raba maka gardama tsakanin biyun shi ne kaya. Kai ɗan kasuwa ne, a dawowa nauyi yake. Yawanci jaka biyu ake bayarwa, kowacce kilo 23, amma akwai tikitin rangwame mai jaka ɗaya tal, kuma kuɗin jakar ƙari guda a filin jirgi yana iya cinye duk ragin da ka yi murna da shi. Ka sa a karanta maka layin kaya na dawowa, ba na zuwa kaɗai ba. Batir da fawa-bank ba a yarda a zuba su a kayan awo ba, saboda haka sarinsu ta kago za ka turo.

Sauran abu biyu. Babbar kasuwar baje-kolin Canton, da ake yi a can Guangzhou, tana ci sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. In ba ita za ka je ba, ka kauce wa makonnin nan, don otal da tikiti duk tashi suke. Sannan ka riƙe rigar sanyi a hannu. Addis tana kan tudun da ya haura mita 2,300, kusan ninki biyu na Jos, kuma da tsakar dare za ka bar ta.

"Malam, 'yata ta samu gurbin karatu a Manchester. Tikitin British Airways daga nan Abuja zuwa Landan awa shida da rabi ne kawai, amma ya fi na Doha tsada nesa ba kusa ba, shi kuwa na Doha har Manchester zai kai ta. Me ya sa gajeriyar hanya ta fi doguwa tsada? Ba ta taɓa fita ita kaɗai ba." Daga wata uwa a Gwarimpa.

Hajiya, jirgin sama ba tasi ba ne, ba a kan nisa ake yanka kuɗinsa ba. Abuja zuwa filin jirgin Heathrow na Landan kilomita kusan 4,800 ne. Ta Doha zuwa Manchester ya haura 10,400, wato za ta yi gabas har Tekun Fasha sannan ta juyo yamma, ninki biyu da ƙari. Duk da haka ya fi araha, domin jirgin da ya tashi daga Abuja zuwa Doha ɗauke yake da masu zuwa Indiya, Chaina, Malesiya da Turai gaba ɗaya, kamfanin yana neman cike kujeru sai ya sassauta. Mai tafiya kai tsaye kuwa ya san akwai waɗanda za su biya ko nawa ne don su huta da sauyin jirgi, ga shi masu gogayya da shi a hanyar ba su da yawa. A watan Satumba da Disamba abin ya fi muni, lokacin ɗalibai da masu zuwa hutu.

Amma ki lura, Landan ba Manchester ba ce. Idan ta sauka Heathrow, sai ta bi layin jami'an shige da fice, wanda a lokacin shigowar ɗalibai yakan ci awa ɗaya ko fiye, ta kwashi akwati biyu masu kilo 23 da jakar hannu, ta ratsa Landan zuwa tashar Euston, kusan awa guda, sannan ta hau jirgin ƙasa na awa biyu da 'yan mintoci. Yarinya ita kaɗai, da garin tuwo da yaji da kuka da kika cusa mata, tana jan akwatuna a matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Awa shida da rabin nan ta zama goma sha ɗaya ko sha biyu kafin ta ga ƙofar ɗakinta.

Mafita biyu nake gani. Ko dai a yanka mata tikiti ɗaya, Abuja zuwa Landan zuwa Manchester, a kamfani ɗaya, yadda in jirgin farko ya yi latti su ne za su nema mata na gaba. Ko kuma a duba ta Istanbul, wadda jimillarta ba ta kai kilomita 7,000 ba, ta fi ta Doha kusa sosai, muddin jiran tsakani bai wuce awa uku zuwa biyar ba. Amfanin sauka a Manchester shi ne jami'o'i da yawa kan turo motar ɗaukar sababbin ɗalibai a makon farko. Ta tambayi makarantarta kafin a biya kuɗin tikiti.

In ejan ya kawo miki na Faris ko Frankfurt, ki tsaya tukuna. Nijeriya tana cikin ƙasashen da sai da bizar wucewa ake barin mutum ya sauya jirgi a filayen ƙasashen Turai da ake kira Shengen, irin su Faransa da Jamus, ko da ba zai leƙa waje ba. Akwai waɗanda aka ɗauke wa, kamar masu bizar Amurka ko Kanada. Kada ki ɗauka bizar karatun Ingila ta wadatar, a tabbatar tukuna, domin a kantar awon kaya ta Abuja ake mayar da mutum, da kayansa da 'yan rakiyarsa.

Maganar agogo kuma da sauƙi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Ingila. Da an shiga hunturunsu sai mu riga su da awa ɗaya. Kada ki kira ta da asubarki ki ce ta makara.

"Yayana zai je Atlanta daga Legas. Zuwa awa 12 da rabi, dawowa awa 11. Ko jirgin dawowar ya fi sabunta ne? Mu nemi irinsa a zuwa?"

Ƙanwata, mai yiwuwa ma jirgi ɗaya ne ya kai shi zai dawo da shi. Iska ce. A can sama, kilomita goma zuwa sha biyu daga ƙasa inda jiragen nan ke bi, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai tafiya Amurka da ita yake kokawa, mai dawowa kuwa tura shi take. Kilomita 9,400 ɗin da ke tsakanin Legas da Atlanta ba su ragu ba, kamar mai kwalekwale ne a Binuwai, gangara da hawa ba ɗaya ba ne. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi cikin awa shida da wani abu. Shi ya sa in hanya kudu da arewa ce, kamar Abuja da Landan, zuwa da dawowa kusan ɗaya suke.

Ki kuma sani awannin da ke tikiti daga rufe ƙofa ne zuwa buɗe ƙofa, har da jan jikin da jirgi ke yi a ƙasa da jiran layin tashi. Wani lokaci kuma siyasa ce ke ƙara nisa. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023, da sojoji suka rufe sararin samaniyar ƙasar a watan Agusta, jiragen da ke tsakanin Turai da nan sai da suka riƙa zagaye har aka buɗe a farkon Satumba.

"Malam, daga Jos nake rubuto maka. A Janairu zan kai mahaifina asibiti a Alƙahira. Jirgin zai tashi daga Abuja wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Ina tunanin mu taso bayan sallar asuba a mota, ko in nemi jirgi daga filin jirginmu na Heipang a ranar, don kada mu kashe kuɗin otal. Wanne ya fi?"

Ƙanena, Allah Ya ba Baba lafiya. Duka biyun ban yarda da su ba.

Mu bi motar tukuna. Jos zuwa Abuja bai kai kilomita 300 ba, amma ka san hanyar: gangaren Hawan Kibo da manyan motoci, Akwanga, Keffi, shingayen jami'an tsaro. Awa huɗu in an yi dace, biyar in an tsaya Baba ya miƙe ƙafa ya kama ruwa. Ku taso ƙarfe shida, ku iso Mararraba wajen goma. Duk wanda ya taɓa shiga Abuja ta Mararraba da Nyanya da safe ya san a nan agogo yake tsayawa. Ka fita daga wannan, har yanzu ba ka iso ba, don filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana ɗaya ɓangaren ne, kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari, sai ka wuce Lugbe. Jirgin ƙasar waje ana so ka iso awa uku kafin tashi, wato goma da rabi, kuma kantar awon kaya takan rufe saura kamar awa ɗaya. Faci ɗaya ya isa ya raba ku da jirgin.

Jirgi daga Heipang kuwa, a Janairu, wannan na ɗanɗana da kaina. Wata shekara na je ɗaurin aure Jos, ina da tikitin fita waje daga Legas da daddare. Na sayi na Jos zuwa Legas daban, na rana, na ce awa bakwai a tsakani ai ko barci na yi. Muka isa Heipang sha ɗaya na safe, hazo ya rufe ko'ina, duwatsun da ake hangowa daga bakin filin babu ko alamarsu, rana ta zama kamar farin faranti da za ka kalla ba ka runtse ido ba. Aka ce jirgin bai taso ba, a ƙara haƙuri. Sha biyu, ɗaya, biyu. Wani dattijo kusa da ni ya kwance ƙullin dankalin da zai kai wa 'yarsa tsaraba ya sake ɗaurewa ya fi sau uku, don rashin abin yi. Bayan la'asar wata ma'aikaciya ta fito, ba ta ko ɗauki lasifika ba, ta ce an soke, sai gobe. Na kira kamfanin da zai fitar da ni waje ina ba su labarin hazo. Matar ta saurare ni har na gama, cikin ladabi, sannan ta ce a wurinsu tafiyata daga Legas ta fara, yadda zan iso Legas ba ya cikin tikitin. Aka rubuta ban zo ba. Da mutum ya rasa zangon farko kuma, na'urarsu sai ta soke sauran har da na dawowa. Na biya tara, na biya cikon farashi, ni da nake yi wa mutane wa'azin kada su raba tikiti.

Dokar ke nan: idan jirage biyu suna kan tikiti ɗaya, lattin na farko nauyin kamfani ne. Idan daban-daban ka saya, nauyinka ne kai kaɗai. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, hazo ba ya neman izinin kowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku taso kwana ɗaya kafin ranar, da hantsi, ku kwana a Abuja, in da hali ta wajen Lugbe, inda babu abin da ya raba ku da filin jirgi sai miƙaƙƙen titi. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai tarar tikiti biyu ba. Baba ma ya samu ya huta, domin gabansa akwai kilomita 3,400, awa biyar a zaune. Ka karɓo takardar likita mai cewa zai iya hawa jirgi, da kwanan wata na kusa, don in suka ga alamar jiki a kanta suna iya nema. Magungunansa duka a jakar hannu, cikin kwalayensu, kada ko ɗaya ya shiga akwatin awo. Tikitin dawowa kuma ka sayi wanda ake iya sauya wa rana ba tara mai yawa ba, ko da ya ɗan fi tsada. Likita ne zai faɗi ranar sallama, ba ejan ba.

"Ina so in kai mahaifiyata Umara. Shekararta 74, tana fama da ciwon gwiwa. An ba ni na kai tsaye zuwa Jidda, da wani mai rahusa ta Addis Ababa. Bambancin zai iya biyan otal na kwana uku. Ya kake gani?" Daga Kubwa.

Hajiya, da ke kaɗai ce da na ce ki ɗauki mai rahusar ki ƙara kwanaki a Harami. Da Mama kuwa, ki biya na kai tsaye.

Abuja zuwa Jidda kilomita kusan 3,700 ne, awa biyar da ɗan abin da ba a rasa ba. Layin ya ratsa ta kan Chadi da Sudan, shi ya sa tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Ta Addis jimillar ta kusa 4,900. Ƙarin nisan ba shi ne damuwata ba. Damuwata hawa da sauka. Kowane sauyin jirgi yana nufin Mama ta tashi, ta bi dogon baranda, ta cire takalmi a wurin caje, kuma a Addis sau da yawa jirgi ba ya tsayawa a bakin gini, bas ake shiga, a hau matakala a sauka matakala, cikin sanyin dare. Gwiwar da za ta yi ɗawafi bakwai da sa'ayi bakwai, bai kamata a ƙarar da ita a filin jirgi ba.

Ki tambayi ejan abu ɗaya da babbar murya: "kai tsaye" ɗin nan, ba ya sauka ko'ina? Akwai jirgin da lambarsa ɗaya daga farko har ƙarshe, ana kiran sa kai tsaye, amma zai sauka wani gari ya ɗebi fasinja ko ya sha mai, ku yi awa ɗaya ko biyu a zaune a ciki. Jiragen da ba sa tsayawa sun fi samuwa a lokacin azumi da aikin Hajji, sauran watanni sai an bincika.

In za a samu tikitin da zai sauke ku a Madina ku taso ta Jidda, ya fi duka, ko da na sauyi ɗaya ne mai gajeren jira. Mama ta huta kwana biyu ko uku, ta yi ziyara, ku ɗauki harami a Zulhulaifa cikin natsuwa, ku hau jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, wanda ke cinye kilomita 450 na tsakanin Madina da Makka cikin kamar awa biyu da rabi. Wannan ya fi a sauka Jidda a gajiye a wuce Makka a fara ibada a daren.

Keken tura marasa ƙarfi kyauta ne, amma sai an nema tun wuri, aƙalla kwana biyu kafin tafiya, a sa shi a cikin tikitin. Ki faɗa musu ko tana iya hawa matakala ko ba ta iyawa, don kowanne da irin tanadinsa. Tsofaffinmu kan ƙi, su ce su ba guragu ba ne. Ki lallaɓa ta, ki ce ai mai keke ba ya bin layi, ke ma albarkacinta za ki ci. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, saboda haka in tana shan maganin hawan jini ko na suga a kan lokaci, ku daidaita da likitanta tun a gida. Maganar ruwan Zamzam kuma, galan mai lita biyar ne ake bari, ki tabbatar tikitin ya ƙunshi ɗaukarsa.

"Ejan ya ce in ƙara kuɗi in zaɓi kujera. Ya cancanta?"

In tafiyar ba ta wuce awa biyar ko shida ba, kuma kai kaɗai ne, riƙe kuɗinka. Kamfanoni da yawa kan buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet saura kwana ɗaya ko biyu, a nan kana iya samun kujera mai kyau ba ko kwabo, in ka yi sammako. In ta awa goma ce, ko kana tare da tsoho ko yara da ba ka so a raba ku, biya. Mai yawan zagayawa ya ɗauki ta bakin hanya, mai barci ta jikin taga, mai tsoron girgiza ya nemi saitin fiffike. Layin ƙofar gaggawa yana da filin miƙe ƙafa, amma ba a ba tsoho ko mai ɗauke da jariri, kuma ko ka biya, ma'aikatan jirgi suna iya tashin ka in sun ga ba za ka iya buɗe ƙofar ba. Layin ƙarshe na jikin banɗaki kuwa, a jirage da yawa kujerarsa ba ta kwantawa baya sosai, kuma duk dare mutane na tsaye a kanka suna jiran layi.